Yadda ake riƙe sanyin allurar rigakafi daga firjin cibiya har zuwa cinyar yaro

Wannan bayani na ma'aikacin da mabuɗin firji ke hannunsa ne, ko a cikin birnin Katsina yake ko a wata ƙaramar cibiya a Baure ko Safana, da kuma wanda ke ɗaukar rigakafi a bayan babur zuwa ƙauyuka. Ƙa'idar farko kowa ya haddace ta: a riƙe rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne ƙanƙara ma tana lalata rigakafi. A ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, hankalin kowa yana kan zafi, sai a riƙa ganin duk abin da ya fi sanyi shi ya fi kyau. Ba haka ba ne. Ɓarnar ƙanƙara ta ma fi haɗari, domin ba ta barin wata alama a jikin kwalba.

Raba alluran gida biyu

Gida na farko su ne masu tsoron zafi. Ɗigon shan inna na baki, wato OPV, shi ya fi kowa rashin juriya. Sai allurar ƙyanda da ta shawara da BCG ta tarin fuka, waɗanda ke zuwa a busasshen gari. Daskarewa ba ta yi wa waɗannan illa. BCG da allurar ƙyanda suna da ƙarin abokin gaba, wato haske, shi ya sa kwalabensu suke da duhu, kuma shi ya sa ba a barin su a kan tebur a buɗe.

Gida na biyu su ne masu tsoron ƙanƙara: Penta mai kare yaro daga cututtuka biyar, allurar ciwon hanta ta ranar haihuwa, Td ta mata masu juna biyu, PCV ta ciwon huhu, HPV ta kansar bakin mahaifa, da IPV, wato allurar shan inna. Penta da ta hanta da Td da PCV da HPV suna ɗauke da wani sinadari na alminiyam wanda ke riƙe ƙwayar maganin, ya kuma zaburar da garkuwar jiki. Idan ruwan kwalbar ya daskare, wannan sinadari yana dunƙulewa, kuma ko ya narke ba ya komawa yadda yake. Allurar hanta tana iya daskarewa tun daga rabin digiri ƙasa da sifili. Yaron da aka yi wa irin wannan allura ya sha zafin tsira, wataƙila wurin ya kumbura, an cika masa kati, amma kariyar da aka yi nufi ba ta samu ba. A tuna cewa kariyar mashaƙo a cikin Penta take. Annobar mashaƙon da ta tashi a ƙarshen 2022 ta kama Kano da Yobe da Katsina da wasu jihohi, kuma yawancin yaran da ta kwantar ba su cika rigakafinsu ba. Yaron da ya karɓi daskararriyar Penta, a rajista ya cika, amma a jikinsa yana cikin waɗanda ba su cika ba, kuma babu mai neman sa domin a sake masa.

Firjin kansa

A ajiye firji a ɗaki mai iska, inda rana ba ta faɗo masa ta taga, a bar tazarar kamu ɗaya aƙalla tsakaninsa da bango domin zafin injinsa ya sami hanyar fita. A duba robar murfi ta hanyar maƙale takarda a rufe. Idan takardar ta zare cikin sauƙi, robar ta saki kuma sanyi yana tsiyayewa.

A firji mai buɗewa ta sama, ƙasa da jikin bango su suka fi sanyi, domin a nan ƙanƙarar da ke riƙe sanyinsa take. Saboda haka kullum a yi amfani da kwandunan da ya zo da su. OPV da ƙyanda da shawara da BCG su zauna a kwandon ƙasa, gida na biyu kuma a kwandon sama, kada kwalinsu ya taɓa bango. A firji mai buɗewa ta gaba jerin yana juyawa: masu tsoron zafi a sama kusa da gidan ƙanƙara, masu tsoron ƙanƙara a tsakiya, robobin ruwa a ƙasa, ba a kuma sa komai a jikin ƙofa. A bar ɗan fili kamar faɗin yatsa biyu tsakanin kwalaye. Wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake sawa gaba, ko da shi ne ya zo daga baya.

Firjin sola na zamani ba shi da batir. Da rana yake tara ƙanƙara a jikinsa, ita ce ke riƙe shi da dare da ranakun hadari. Don haka ƙurar hunturu a kan farantan sola kai tsaye take rage masa ƙarfi. Daga Disamba zuwa Fabrairu a wanke farantan aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. A sare duk reshen dalbejiya da ke jefa inuwa a kansu da rana. Kada a yarda kowa ya jona waya a layin firjin don cajin salula ko kunna fanka. Irin wannan firji kuma yana tara gumi a ƙasansa, sai a riƙa tsiyaye shi ana gogewa, domin kwalbar da takardar jikinta ta jiƙe ta cire, ta zama ta zubarwa ko da lafiyarta lau.

Idan firjin yana da maɓallin daidaita sanyi, kada a murɗa shi don an kawo sabon kaya ko don wuta ta dawo bayan doguwar ɗaukewa. Wannan murɗawar tana cikin manyan hanyoyin da Penta ke daskarewa cikin dare.

Ana karanta ma'auni sau biyu a rana, safe da yamma, har Asabar da Lahadi da ranar Salla, a rubuta abin da aka gani da ido. Takardar da ta nuna digiri 5 safe da yamma wata guda cur ba tare da ko motsi ba, duk mai duba aiki ya san ba karantawa aka yi ba. Na'urar da ke adana bayanin kwana 30 tana nuna gargaɗi iri biyu: idan zafi ya wuce digiri 8 na awa 10 a jere, ko sanyi ya sauka ƙasa da rabin digiri ƙarƙashin sifili na minti 60. Gargaɗin zafi yana nufin a duba alamar kowace kwalba. Gargaɗin sanyi yana nufin gwajin girgiza.

Alamar zafi da gwajin girgiza

Alamar zafi ta jikin kwalba, wato VVM, da'ira ce mai ɗan murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, kuma wa'adi bai wuce ba, a yi amfani da kwalbar. Idan ya fara duhu amma bai kai da'irar ba, ita ce za a fara ƙararwa. Idan launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, an gama da ita, ko da wa'adinta saura shekara. Alamar tana tara duk zafin da kwalbar ta sha tun daga masana'anta, ba ta kuma komawa baya. Amma zafi kaɗai take gani. Kwalbar da ta daskare sau uku, alamarta na iya zama fara tas.

Idan an tarar da kwalba a daskare ƙarara, babu buƙatar gwaji, a fitar da ita. Gwajin na lokacin da ake zargi ne. A ɗauki kwalba ɗaya mai kamfani ɗaya da lambar rukuni ɗaya da waɗanda ake zargi, a rubuta mata "daskararriya" da manyan baƙaƙe, a sa ta a gidan ƙanƙara ta kwana har ta zama dutse, aƙalla awa 10. A fito da ita ta narke da kanta, ba a sa ta a rana ko ruwan zafi. Sai a riƙe ta tare da wadda ake zargi a hannu ɗaya, a girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a wuri mai haske, a zuba musu ido har zuwa minti 30. Lafiyayyar kwalba tana daɗewa a gauraye kamar kindirmo da aka dama, daskararriya kuwa da wuri take kwantar da guda-guda, samanta ya washe. Idan wadda ake zargi ta kwanta a hankali fiye da daskararriyar, lafiyarta lau. Idan tare suka kwanta, ko ta riga ta, rukunin ya lalace: a ware shi, a rubuta masa alama, a sanar da jami'in ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma. Gwajin yana aiki ne kawai a kan masu alminiyam. Ba ya nuna komai a kan IPV, don haka IPV da ake kyautata zaton ta daskare fitar da ita ake yi.

Shirya akwatin fita

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Robar ƙanƙara da ta fito daga firiza tana iya kai digiri 20 ƙasa da sifili. Idan aka jera huɗu irin wannan a akwati aka sa Penta a tsakiya, kafin a kai ƙauye ta daskare. Dole a fito da robobin a shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a kan tebur, kada a ɗora su kan juna, a jira su fara narkewa. Agogo ba ya aiki a nan, domin abin da zai ɗauki kusan awa a sanyin Janairu zai yi sauri sosai a bazara. A ɗauki roba a girgiza a kusa da kunne. Idan an ji ruwa yana motsi kuma dunƙulen ƙanƙarar yana yawo a ciki, ta yi. A goge ta, a jera huɗun a jikin bangon akwati, a sa kwalabe cikin leda ko ƙaramin gwangwanin roba a tsakiya, a ɗora soson saman, a rufe.

Ƙanƙarar kasuwa da ake ɗaurewa a leda ba ta maye gurbin robobin. Da farko tana daskarar da kwalba, daga baya ta narke ta nutsar da ita.

A kan babur, a ɗaure akwatin a tsaye nesa da salansa, a rufa masa farin zane. A wurin aiki a nemi zaure ko gindin bishiya, inuwa ta juya a juya da ita. Kwalbar da aka buɗe a cikin tsagin soson nan take zama, ba a kan robar ƙanƙara ba. Ƙaramin akwati mai gajeren zango an gwada shi ya riƙe sanyi aƙalla awa 15 a zafin digiri 43, mai dogon zango kuma awa 30, amma a rufe aka gwada su. Kowace buɗewa tana cin wani abu daga wannan lissafi.

Haɗa allura, da lokacin zubarwa

BCG da ƙyanda da shawara kowace tana da ruwan haɗinta daga kamfanin da ya yi ta. Ba a musanya su, ba a kuma maye su da ruwan allura na yau da kullum. A sa ruwan haɗin a firji tun kwana ɗaya kafin aiki domin sanyinsa ya zo ɗaya da na garin, amma kada ya daskare, kwalbarsa tana tsagewa. Sirinjin haɗi ɗaya na kwalba ɗaya ne. Kafin a zuƙa, a karanta sunan da ke jikin ruwan haɗin da babbar murya, ko da an saba. A ƙasar Samowa a 2018 jarirai biyu sun mutu bayan an haɗa musu allurar ƙyanda da maganin sassauta tsoka a maimakon ruwan haɗi. Iyaye suka guji rigakafi, a 2019 ƙyanda ta kashe mutum 83 a ƙasar, yawancinsu ƙananan yara. Wannan shi ne dalilin da ya sa firjin rigakafi ba wurin ajiye kowane magani ba ne, balle zoɓo ko ruwan sha.

Da zarar an haɗa, a rubuta lokaci a jikin kwalbar. Bayan awa 6, ko a ƙarshen zaman, duk wanda ya riga zuwa, a zubar da ragowar. Waɗannan alluran ba su da sinadarin hana ƙwayoyin cuta girma, kuma ragowar da aka ajiye zuwa gobe ta sha kashe yara cikin 'yan awoyi da zazzaɓi da amai da faɗuwar jini. Wannan ƙa'ida ba ta da sassauci.

OPV da Penta da Td da allurar hanta da IPV masu yawan ɗiba kuwa ana iya ci gaba da amfani da su har kwana 28 bayan buɗewa, idan wa'adi bai wuce ba, alamar zafi tana da kyau, an riƙe su a 2 zuwa 8, bakin robar kwalbar bai nutse a ruwa ba, kuma kowace ɗiba da sabon sirinji aka yi. A rubuta ranar buɗewa. Wurin da aka manna alamar zafi ma jagora ne: idan a jikin takardar kwalba take, mai kwana 28 ce, idan a kan murfi take, mai awa 6 ce.

Tsoron asara kada ya sa a mayar da uwa gida. Matar da ta taho daga nesa da goyo aka ce mata "sai yara sun taru", da wuya ta dawo. A buɗe kwalbar, an riga an sa asarar a lissafi. Hanyar rage asarar BCG mai ɗiba 20 ita ce mai unguwa da ungozoma su sanar da ranar rigakafi tun da wuri, ba korar wadda ta riga ta zo ba.

Kada a fara zama sai akwai allurar adirenalin, wadda ake ceton wanda jikinsa ya yi mummunan ƙin allura nan take da ita, a kusa kuma wa'adinta bai wuce ba. Sirinji ba a mayar masa da murfi, kai tsaye cikin kwalin shara yake shiga, kwalin kuma ana rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu.

Lissafin abin da za a karɓo

A tsare-tsaren rigakafi a Najeriya ana ɗaukar 'yan ƙasa da shekara ɗaya a matsayin kashi 4 cikin 100 na jama'a. Cibiyar da ke kula da mutum 10,000 tana da jarirai 400 a shekara, kimanin 34 a wata. Penta sau uku ake yi, a mako na 6 da na 10 da na 14, wato ɗiba 102 a wata. Idan aka ɗauki asara kashi 25 cikin 100, sai a raba 100 da 75, a sami 1.33, a ninka, ya ba da 136, wato kwalba 14 masu ɗiba 10. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na ajiyar ko-ta-kwana, sannan a cire abin da ya rage a firji. Cibiyoyin bakin iyaka irin na Jibiya da Mai'adua, da garuruwan da suka karɓi mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, su dogara da rajistarsu ta watannin baya fiye da wannan kaso, domin jama'arsu ta wuce ta takarda.

Ranar da firji ya tsaya, da ranar da annoba ta zo

A manna takarda a jikin bango kusa da firji mai ɗauke da lambar jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, da ta mai gyara, da sunan cibiya mafi kusa mai firji mai aiki, da wanda zai ba da babur ko da tsakar dare. Idan firji ya tsaya, matakin farko shi ne kada a buɗe shi. Idan ma'auni ya doshi digiri 8, a kwashe kaya zuwa babban akwatin sanyi da robobin da aka bari suka fara narkewa, tare da na'urar ma'auni a ciki. Babban akwati mai gajeren zango yana riƙe sanyi aƙalla awa 48, mai dogon zango awa 96.

Korona ta nuna abin da zai faru a annoba ta gaba. An tabbatar da ita a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Afrilu aka kulle Daura, amma rigakafi bai sauka a Abuja ba sai 2 ga Maris 2021, kusan ɗiba miliyan huɗu ta AstraZeneca. A Disambar wannan shekarar aka lalata sama da ɗiba miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare, domin sun iso da saura 'yan makonni. Yanzu ƙungiyar CEPI, mai tallafa wa ƙirƙiro sababbin rigakafi a duniya, tana neman a riƙa samar da rigakafin sabuwar cuta cikin kwana 100. Ko an cim ma haka, ta firjin nan na mazaɓa zai bi, tare da Penta da ƙyanda waɗanda ba za a dakatar ba. Saboda haka tun yanzu mai kula da cibiya ya san lita nawa firjinsa ke ɗauka da nawa ke zama fanko bayan an karɓo kayan wata, akwatuna nawa ke da murfi da soso masu kyau, da robobi nawa firizarsa ke iya daskararwa a kwana ɗaya. Kowane akwati yana buƙatar robobi takwas, huɗu a hanya huɗu a firiza, in ba haka ba aikin kwana biyu a jere ba zai yiwu ba.

Tsarinmu an gina shi a kan jarirai da masu juna biyu, rigakafin annoba kuwa yakan fara da ma'aikatan lafiya da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Jerin sunayensu unguwa-unguwa, tare da dagatai da limamai, aikin lokacin zaman lafiya ne. Wasu sababbin alluran, irin ta Pfizer, ana ajiye su a kusan digiri 70 ƙasa da sifili a manyan ɗakunan ajiya, sai a narkar da su kafin a turo ƙasa. Daga ranar narkarwa suna da sabon wa'adi, gajere, wanda ya soke na jikin kwalba, kuma ba a sake daskarar da su. Kwalin da ya iso babu ranar narkarwa a rubuce, kada a sa hannu a karɓe shi sai an samo ranar.

Magungunan da ke yaƙar ƙwayar bairos ma da lokaci suke aiki. Oseltamivir na mura mai tsanani ya fi amfani cikin awa 48 na farko, Paxlovid na korona cikin kwana 5, ribavirin da ake ba masu zazzaɓin Lassa kuma a kwanakin farkon ciwo. Don haka tarin marasa lafiya masu alamu iri ɗaya a gida ɗaya ko makarantar allo ɗaya, ko mace-macen da ba a san dalilinsu ba, a ranar ake kai rahotonsu ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wato 6232, ba a jira rahoton ƙarshen wata. Samfurin jini ko majina ko bayan gida da za a tura ɗakin gwaji shi ma sanyi yake so, amma a akwatinsa na dabam mai alama a jiki, da robobinsa na dabam. Ba ya shiga firjin rigakafi, kuma akwatin da ya taɓa ɗaukar samfuri ba ya komawa ɗaukar allura.